Tambayoyin da ƙwararrun Kano ke yi mini kan ChatGPT da 'yan'uwansa

Shekara 9 na yi ina riƙe da shagon intanet a titin Gidan Zoo. Kwamfuta 12, janareta biyu, da yara uku masu buga wa mutane takardu da cike fom. Da wayoyi masu shiga intanet suka fara cika kasuwar waya ta Farm Centre, ɗaya daga cikin yaran ya ce mini, "Oga, kasuwar nan fa mutuwa za ta yi." Na yi masa dariya, na ce wa zai yi rajistar JAMB a kan allon da bai kai tafin hannu ba? A kan JAMB ni na yi gaskiya, don har yau sai an je cibiya. A kan sauran komai shi ya yi gaskiya. Masu zuwa duba saƙo suka ɗauke ƙafa, masu Facebook suka bi bayansu, daga ƙarshe na sayar da kwamfutocin a kan kuɗin da ba na son tunawa.

Yanzu sana'ata koya wa ma'aikatan ofis amfani da kwamfuta. Tun da maganar ƙirƙirarriyar basira, wato ChatGPT da 'yan'uwansa, ta shigo gari, duk inda na shiga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, kuma masu yin su manya ne a fagensu: lauyoyi, likitoci, malaman jami'a, akantoci, 'yan jarida. Na lura iya ƙwarewar mutum, iya shakkarsa. Ga tambayoyin da amsoshin da nake bayarwa, wasu a aji, wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Wai shin mene ne abin nan, a taƙaice?

Manhaja ce da aka ɗura wa rubutun da mutum ɗaya ba zai karance ba ko da za a ara masa shekara dubu: littattafai, jaridu, shafukan intanet, gardamar mutane. Daga ciki ta koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata, sai ta yi ta jerowa har amsa ta cika. Bayan haka kamfanonin sukan ɗauki mutane su riƙa tantance amsoshin, wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, har manhajar ta koyi ladabin magana. Masu bincike na Google ne suka wallafa tsarin da aka gina irin waɗannan manhajoji a kai a 2017, amma duniya ba ta farga ba sai ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT. Sai ga Gemini na Google, ga Claude na Anthropic, ga DeepSeek daga ƙasar Sin, ga kuma Meta AI da ya faɗo cikin WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2024 ba tare da kowa ya gayyace shi ba.

Misalin da nake bayarwa shi ne dattijon da ya shekara 30 yana zama a benci a harabar kotu. Ya san yadda lauya ke buɗe magana, ya san yadda alƙali ke rufe ta. In ka ce ya tsara maka ƙorafi zai tsara, har ma ya fi na wani sabon lauyan daɗin karantawa. Amma ka tambaye shi lambar wata shari'a, in bai sani ba girma ba zai bar shi ya ce bai sani ba. Zai faɗa maka wata da ta yi kama.

Na gwada shi, ya kawo mini shari'o'in da babu su a duniya. Me zan yi da maƙaryaci?

Barista, gaskiyarku. Kuma ba ku kaɗai ya yi wa ba. A 2023 wani lauya a New York mai suna Steven Schwartz ya nemi taimakon ChatGPT a ƙarar da wanda yake karewa ya shigar a kan kamfanin jirgin sama na Avianca. Manhajar ta ba shi shari'o'i 6 da sunayensu da lambobinsu har da maganganun alƙalai, duk ƙirƙira. Da ya ji wasiwasi sai ya tambaye ta ko na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yunin shekarar alƙali Kevin Castel ya ci lauyoyin mai ƙarar tarar dala 5,000, tarar da ba ta kai ko kusa da zubar da mutuncin ba.

A wajenmu ma abin ya fi haka muni. Hukunce-hukuncen kotunan Najeriya da ke kan intanet kyauta kaɗan ne in an gwada da na Amurka. Dokokin jihar Kano da hukuncin kotunan shari'ar Musulunci yawanci suna cikin takarda a rajistara, wasu da hannu aka rubuta. Iya ƙarancin abin da manhaja ta karanta a kan wani fanni, iya yawan cikon da take yi da ka.

Sai dai nakan mayar wa Barista da tambaya biyu. Yaushe kuka gwada? Da yawa sukan ce farkon 2023. Wancan na kyautar ba ya leƙa intanet, kuma saninsa ya tsaya a 2021. Na yanzu suna bincike, suna karanta takardar da ka ɗora musu. Har yau suna ƙarya, ban ce sun tuba ba, amma hukuncin da aka yanke wa abu shekaru da suka wuce yana buƙatar a sake sauraro in abin ya canza. Ta biyu: me kuka tambaye shi? In kun ce ya kawo muku hujja daga kansa, kun aiki dattijon bencin nan ɗakin karatu ne. Ku ɗora masa yarjejeniyar cinikin fili mai shafi 40, ku goge sunaye, ku ce ya fitar da duk inda aka yi maganar ranar biya da abin da zai faru in an saɓa, tare da lambar shafi. Wannan kuna iya tantancewa cikin minti 10, don takardar tana gabanku.

To in sai na bi duk abin da ya rubuta na duba, ina amfanin? Ba gara na yi da kaina ba?

Wannan ce tambayar da na fi girmamawa, domin wani lokacin amsarta ita ce e, gara ku yi da kanku.

Akwai bincike biyu da nake kawowa tare, don kowanne in ya tsaya shi kaɗai yaudara yake. A 2023 masu bincike daga Harvard da wasu jami'o'i sun gwada ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group. A ayyukan da manhajar ta iya, masu amfani da ita sun gama da sauri da kusan kashi 25 cikin 100, aikinsu kuma ya fi inganci. Amma da aka ba su wani aikin da aka zaɓo da gangan don ya fi ƙarfinta, masu amfani da ita sun fi waɗanda ba sa amfani da ita yin kuskure, saboda sun miƙa wuya ga amsa mai daɗin ji. Na biyu, a 2025 wata cibiya mai suna METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhaja 16 a kan aikin da suka daɗe suna yi. Da taimakon ƙirƙirarriyar basira aikin ya ƙara ɗaukar musu lokaci da kashi 19 cikin 100. Abin dariyar, su a ransu gani suke sun ƙara sauri da kashi 20.

Ke nan mai shakka yana da hujja, mai zumuɗi ma yana da tasa. Iyakar abin da take iyawa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar katangar gida, ta fi kama da lungunan cikin birni. Za ta rubuta wasiƙar neman rangwamen haraji da Turancin da ya fi na babban sakatare, sannan ta kasa tara lambobi a dogon jadawali. Babu wanda zai zana muku taswirar lungunan a fanninku, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akantan da ya shekara 20 yana haɗa lissafin 'yan kasuwar Singa zai gane amsa ta karkace tun daga layin farko. Ni ba zan gane ba.

Ƙa'idata ita ce: in duba aikin ya fi yin sa sauƙi, ku ba ta. Daftarin wasiƙa, taƙaita dogon rahoto, mayar da bayanan taro zuwa tsararren rubutu, fitar da tambayoyi daga darasin da kuka riga kuka rubuta. In kuwa duba aikin daidai yake da yin sa daga farko, ku bar ta ta huta.

Ba irin hayaniyar kirifto ba ce? An sha zuwa mana da irin wannan.

An sha kuwa. MMM a 2016, wasan Hamster a 2024 lokacin da yara suka yi ta dannar waya har a sahun jana'iza, CBEX da ya tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuma masu tallar ƙirƙirarriyar basira su ma suna da nasu ƙarin gishirin. A 2016 Geoffrey Hinton, wanda ake kira ɗaya daga cikin iyayen fasahar kuma ya samu kyautar Nobel a 2024, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton ƙashi da na ciki, wai cikin shekara 5 na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce da daɗewa, har gobe asibitoci neman su suke.

Bambancin da nake gani shi ne, su waɗancan ce maka ake ka zuba ka jira. Wannan kuwa ka ba shi aiki yanzu, kafin shayinka ya huce ka ga ya iya ko bai iya ba. Zai yiwu kamfanonin da ke zuba biliyoyin dala wasunsu su karye, kamar yadda kamfanonin intanet da yawa suka karye a Amurka a shekarar 2000. Sun karye ɗin, intanet kuma ta zauna, har ta zo ta ci shagona.

Ni likita ce. Ta yaya zan zuba sirrin marar lafiya a manhajar wani kamfani na ƙasar waje?

Kada ki zuba, Dakta. Garin Kano da ya ga abin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ya jawo wa yara a 1996 ba a koya masa tsoron kamfanin waje. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Ko Samsung a 2023 sai da ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba sirrin kamfani a ciki. A cire suna, a cire lambar kati, a cire unguwa. A Kano ma sai an ƙara da hankali, domin in kika rubuta "matar mai unguwa ta uku, mai ciki na bakwai", kin faɗi suna ko ba ki faɗa ba.

Amma akwai aikin da babu sirrin kowa a ciki. Bayanin abincin mai ciwon suga da za a ba marar lafiya ya tafi da shi gida, wanda zai yi maganar tuwon shinkafa da fura da lemon kwalba maimakon abincin Turawa. Taƙaita sabon kundin ƙa'idar magani mai shafi 200 don ki san inda za ki buɗe. Adadin magani kuwa, wannan sai littafi.

Abin da ya fi damuna a fanninku daban ne. Marasa lafiyarku sun riga ku shiga. Mutum yana kan layi a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ya ɗauki hoton sakamakon gwajinsa ya tura wa Meta AI, kafin ya shigo ɗakinki ya riga ya yanke wa kansa cuta. In ba ki taɓa buɗe ta ba, ba za ki san irin ɓatar da shi da ta yi ba, balle ki san ta inda za ki dawo da shi hanya.

Hausarsa fa? Ni da na karanta sai na ji kamar Bature ne ya sa babbar riga.

Haka take. Kalmomin na Hausa, ƙashin jimlar na Turanci. Dalilin a fili yake: Hausa tana da masu magana miliyoyi, amma dukiyarta tana baki, tana rediyo, tana waƙa da wa'azi da hirar dandali, wata kuma tana cikin ajami a akwatunan malamai. Abin da ke rubuce a intanet kaɗan ne, kuma kaso mai yawa daga ciki fassarar labaran Turanci ne. Manhajar ta koyi Hausar fassara, ita take mayar mana.

Ga kuma matsalar rubutunmu. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya suke a takarda, haka wuya da kuka. A waya kuma mutane sukan yar da ƙugiyar baƙaƙe. Wanda ya rubuta kashi yana nufin ƙashi ya san abin da ya jawo wa kansa. Mu muna ganewa da yanayin zance, ita wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kwafsa. Karin magana kuwa, in ba ta sani ba sai ta ƙera maka sabo, ta jingina wa Bahaushe.

Duk da haka, duk wanda ya tuna yadda Google Translate yake lokacin da aka saka Hausa a ƙarshen 2013 ya san an yi tafiya. Akwai 'yan gida da ke aikin, irin su ƙungiyar HausaNLP da Masakhane, kuma a 2024 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta sanar da shirin gina irin wannan manhaja da harsunan Najeriya, Hausa na ciki. Ga masu fassara, maganar gaskiya ita ce ƙungiyoyin da a da suke kawo muku shafi 50 ku fassara sun fara kawo shafi 50 da na'ura ta fassara ku gyara, su kuma rage kuɗi. Ku san yadda za ku yi ciniki, domin gyaran mummunar fassara wani lokaci ya fi sabuwa cin rai.

Ɗalibaina sun daina tunani, kowa ya kawo mini aikin gida da Turancin da ba nasa ba. Ba hana shi ya kamata a yi ba?

Ranka ya daɗe, da me za a hana? Manhajojin da ke cewa suna gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne. Shi kansa OpenAI ya fitar da tasa a farkon 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskure. Wani bincike na jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin na na'ura. Wato yarinyar da ta zauna a Kabuga ta yi aikinta da guminta, da Turancinta mai sauƙi, ita za a fara kamawa.

Damuwarku kuwa gaskiya ce, kuma ni na fi jin tsoronta a kan duk sauran. Ƙwararre yana kama ƙaryar manhaja ne don ya sha wahalar koyo. Yaron da bai sha wahalar ba da me zai kama? Maganin da na gani yana aiki tsoho ne, a zaure muka gaje shi: zo ka biya. Malamin zaure bai taɓa karɓar karatu a rubuce ya ce Allah ya yi albarka ba. Ɗalibi ya tsaya minti 5 ya kare abin da ya kawo. Na san aji mai mutum 300 a jami'ar Bayero ba zaure ba ne. Amma ko 20 aka zaɓa ba tare da sanarwa ba, sauran 280 za su karanta abin da suka miƙa. Wani malami da na sani yakan sa su tambayi manhajar a gabansa, sannan makin yana ga wanda ya gano inda ta yi kuskure.

Malam, mutane sun fara neman fatawa a wurinsa. Me za ka ce?

Allah ya gafarta Malam, wannan fagenku ne, ni bayanin na'ura kawai zan yi. Ba ta da isnadi. Ba ta karanta a gaban kowa ba, ba wanda ya ba ta izini, kuma tana iya kawo magana ta ce tana cikin Bukhari har da lamba alhali babu. Mafi yawan abin da ta karanta na addini da Turanci da Larabcin intanet ne, inda mazhabobi suke a cakuɗe, don haka takan ba Bakano amsar da ba ta Malikiyya ba ce ba tare da ta faɗa masa ba.

Ku gwada ta da gado. Ku ba ta mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, mas'alar da asalinta 24 ta yi auli zuwa 27. Mai yiwuwa ta ci, don sananniya ce, ta gan ta sau da yawa. Sai ku sako kaka namiji tare da 'yan'uwan mamaci, inda Hanafiyya suka ce kaka ya katange su, Malikiyya kuwa suka bi Zaidu bin Sabit suka ba su rabo. A nan za ku ga ko ta tambaye ku mazhaba ko ta yi gaban kanta. In kun gwada da hannunku, gargaɗin da za ku yi a mumbari zai fi shiga kunnen samari, don za su ji kun san abin da kuke magana a kai.

Ka faɗa mana gaskiya, zai ƙwace mana aiki? Kullum ana cewa za a bar mu a baya.

Masu wannan magana sukan ɗauko tarihi tun daga makarantar Ɗan Hausa ta 1909 a Nasarawa, su ce ga shi za mu sake maimaita abin da ya faru da boko. Ni ba na yin nisa haka. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A Kantin Kwari akwai manyan 'yan kasuwa da suka shekara suna cewa su ba sa karɓar tiransifa, kuma suna da hujja: saƙon bogi, sabis ya ɗauke, kuɗi ya maƙale. Duk gaskiya ne. Da tsabar kuɗi ta ɓace, ba wanda ya zo ya rufe musu shago. Mai saye ne kawai ya matsa shago na gaba. Da suka buɗe asusu a guje, a lokacin ne 'yan damfara suka fi cin su, don ranar tafiya suke fafe gora.

Haka nake ganin abin zai zo wa ƙwararru. Ba takardar kora za a kawo ba. Ƙungiyar da ke ba ku rubuta rahoto a sati uku za ta samu yarinyar da ke kawowa a sati ɗaya. Mai gidan da ke biyan ku ku tsara masa takardar haya zai zo da tasa a waya ya ce ku duba kawai ku buga hatimi. Kuɗin rubutu zai faɗi. Sa hannu da ɗaukar alhaki da tsayawa gaban alƙali da taɓa jikin marar lafiya, waɗannan suna nan a hannunku, don ba a kai manhaja gaban kwamitin ladabtarwa.

Waɗanda ƙasa ta fi motsawa a ƙarƙashinsu su ne na ƙasa da ku. Wani bincike a kan ma'aikatan amsa tambayoyin kwastomomi sama da 5,000 ya nuna manhajar ta ƙara musu yawan aiki da kashi 14 cikin 100 a jimlace, amma sababbin shiga sun ƙaru da kusan kashi 34, tsofaffin hannu kuwa kusan ba abin da ta ƙara musu. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Sabon yaro zai kamo ku da wuri a aikin yau da kullum. Sannan aikin da a da ake ba yaro don ya koyi sana'a, wato daftari da bincike da kwafi, shi ne na'ura ta fi iyawa. In ofis ya daina ɗaukar yara don ya samu mai yi kyauta, nan da shekara 15 wa zai zama babba? Ban ga wanda ya warware wannan ba, a nan ko a Turai.

Da wace wutar, da wane data?

Rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Wanda ke kallon TikTok rabin awa ya kashe abin da zai ishe shi hira da manhaja kwanaki, ko bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. A waya take aiki, ba sai KEDCO ta kawo wuta ba. Na kuɗin ne matsala: dala 20 a wata, in ka canza a Wapa a farashin 2025 ta tasar wa naira 30,000, a jihar da mafi ƙarancin albashi yake naira 71,000. Kada kowa ya biya sai na kyauta ya yi masa kaɗan.

Na haura shekara 50, kuma ba na son yarana su ga ina lalube. Ta ina zan fara?

Alhaji, ku rufe ofis ku yi ku kaɗai. Ku ɗauko ayyuka 5 da kuka riga kuka gama, waɗanda kuka san amsarsu kamar yunwar cikinku. Ku goge sunaye. Ku ba ta ɗaya bayan ɗaya, ku yi mata bayani yadda za ku yi wa sabon ɗan bautar ƙasa da aka turo muku: ni wane ne, takardar nan wa za a kai wa, me nake so, me ba na so. Yawancin masu cewa amsarta shirme ce layi ɗaya suka rubuta mata. In ta kawo, ku ce nan ba daidai ba, gyara. Ku tambaye ta abu ɗaya da kuka tabbata babu shi, ku ga ko za ta ƙirƙiro.

Sai ku samu takarda ku raba ta biyu, gefe ɗaya abin da ta iya, ɗaya gefen abin da ta ɓata, ku rubuta kwanan wata a sama.

In na gwada na ga duk ba ta yi mini ba fa?

To kun huta, kuma yanzu in kuka ce ba ta da amfani a aikinku, da hujja kuke magana. Ku sa takardar a aljihun tebur tare da ayyukan nan 5. Bayan wata 6 ku fito da su ku sake ba ta, da irin bayanin da kuka yi mata na farko, ku ga ko wani abu ya tsallaka daga wannan gefen zuwa wancan.